Mai ƙiba ta ci kyauta a fim ɗin batsa: nasarar mata masu jiki ce, ko kasuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shugaba ki yi min uzuri, maganar da zan kawo tana da nauyi, amma babu hoto babu bidiyo. Akwai wata Ba'amurkiya, April Flores, mai ƙiba ce sosai, kuma sana'arta fitowa a fina-finan batsa. A 2014 masu shirya kyautar AVN ta fina-finan batsa a Las Vegas suka buɗe rukuni na musamman na mata masu jiki, ita ta fara cinyewa, a 2015 ta sake ci. Abin da ya tsaya min a rai shi ne hujjarta. Tana cewa gwagwarmaya take yi, tana so duniya ta yarda mace mai ƙiba ma abar so ce. Kuma a can akwai mata masu jiki da ke ɗaukarta gwarzuwa. Ni nauyina ya haura kilo ɗari. Na san yadda ake ji idan kika shiga gidan biki kika ga masu gida suna duban kujerar roba kafin su dube ki. Sana'arta haram ce, wannan ba na tantama. Amma ciwon da take magana a kai, shi ma ƙarya ne?

Shugabar Zaure: Wa alaikumus salam. An bari a tattauna, da sharaɗi: kada a turo hoton kowa, kada a zagi kowa.

Malama Rabi: Maman Ilham, ciwon gaskiya ne, maganin ne ƙarya. Allah ya hana abin da ake yi miki tun kafin a haifi waɗannan mutanen. Ki duba aya ta 11 a Suratul Hujurat. Bayan an hana mutane yi wa juna izgili, sai aka sake ambaton mata daban, kada wasu mata su yi wa wasu mata, kuma aka hana jifan juna da sunayen banza. To ina "giwa" da "buhun shinkafa" da muke kiran 'yan'uwanmu? Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya, iska ta yaye ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariyar sirantarsu, Annabi (SAW) ya ce a ma'aunin lahira sun fi dutsen Uhudu nauyi. Uwar Muminai Sauda mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya, ta nemi izinin barin Muzdalifa kafin cunkoson jama'a, aka ba ta. Ba a yi mata gori ba, sauƙi aka yi mata. Wanda yake da wannan a hannu me zai nema a wurin mai tuɓe tufafi?

Zee: Malama, da girmamawa, duk mun san ayar, amma ba mu aiki da ita. A zauren nan ma an taɓa turo hoton wata amarya ana ta dariyar hannunta. Ita waccan matar ba Musulma ba ce, ba ta taso da karatun da muka taso da shi ba. Ta taso a inda tun tana yarinya talabijin da mujallu ke gaya mata cewa irinta ba a aure, ba a so, sai dai a yi wasan barkwanci da ita. Ban ce ta yi daidai ba. Na ce dai na gane dalilin da ya sa ta ga kamar ramuwa ce.

Anti Bilki (Bronx): Bari in sa baki, don ina zaune a Amurka kuma aikin jinya nake yi. Mutane da yawa sun ɗauka wannan fafutuka ta son jiki a Instagram aka fara ta, ko kuma masu tsiraici ne suka kawo ta. Ba haka ba ne. A 1967 wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Post, ya tara mutane kusan 500 a Central Park nan New York, suka ƙona littattafan rage ƙiba. A 1969 wani injiniya, Bill Fabrey, ya kafa ƙungiyar NAAFA mai kare haƙƙin masu ƙiba saboda baƙin cikin yadda ake wulaƙanta matarsa Joyce. A 1973 wasu mata a Los Angeles suka fitar da takardar buƙatunsu. Ku duba abin da suke nema: a daina hana su aiki, likita ya daina sallamarsu da "je ki rage jiki" ba tare da ya duba ciwon da ya kawo su ba, a samar da tufafi da kujeru daidai da su. Jihar Michigan tun 1976 ta sa nauyi da tsayi cikin abubuwan da doka ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu. Birnin New York sai a 2023 ya yi irin wannan dokar. Ka ga tsakanin nan shekara nawa aka yi ana jan ƙafa.

Wannan shi ne asalin. Maganar haƙƙi ce. Daga baya kamfanoni suka gano akwai kuɗi a ciki, sai maganar ta koma "ku ma kyawawa ne, ku zo ku saya". Ashley Graham, wata mai jiki da ke tallan tufafi, ta fito a bangon mujallar Sports Illustrated ta kayan ninƙaya a 2016, aka yi ta murna. Amma ku lura da irin mai jikin da ake zaɓa: ƙugu a tsuke, ƙirji da mazaunai a cike, fuska ba kumatu. Mai tumbi da haɓa biyu, irin matan da nake ɗagawa a gadon asibiti kullum, har yau ba su shiga layi ba.

Maman Ilham: Anti, ai wannan shi ne abin da April ɗin ke cewa ta karya. Ita da tumbinta da komai ta fito.

Anti Bilki (Bronx): Ta fito, ƙanwata, amma a wane ɗaki aka ajiye ta? An fara ba da kyautar AVN a 1984. Shekara 30 aka yi kafin a tuna da masu jiki, kuma da aka tuna da su sai aka yanka musu rukuninsu daban. A waccan kasuwar komai rukuni ne: launin fata rukuni, shekaru rukuni, ƙiba rukuni. Mai shiga ya latsa ba mutum yake nema ba, siffa yake nema. Kuma na ji daga bakin mata masu jiki a nan, ba ɗaya ba ba biyu ba, cewa namijin da ke bibiyarsu a ɓoye shi ne ba ya yarda abokansa su gan shi da su a titi. To wace daraja aka samu?

Ummi Ɗinki: Wallahi Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni tela ce, jikin mata shi ne aikina. Mai jiki za ta shigo shago, kafin in ɗauko tef ta fara ba ni haƙuri. "Ummi ki yi haƙuri, na ƙara." Haƙurin me? Wata takan tsuke ciki ta riƙe numfashi har in gama awo, ni kuma in na ɗinka a haka rigar ba za ta shiga ba, sai na ce mata ta saki jikinta. Wata sai ta ce kada in faɗi lambar da ƙarfi, in rubuta kawai, kuma in juya littafin. Lokacin anko ya fi ciwo. A yanka wa kowa yadi huɗu, ita ta san ba zai ishe ta ba, ta ji kunyar cewa a ƙara mata, sai ta ce tafiya ta kama ta ranar bikin. Waɗannan matan ba wanda suke so ya yi sha'awarsu a intanet. So suke su je biki su dawo ba a yi da su ba.

Zee: Na yarda da ku a kan wannan. Amma akwai abin da ba a faɗa ba: kuɗi. Yanzu ba sai mace ta bi ta hannun kamfani ba. A OnlyFans, dandalin intanet da masu kallo ke biyan kuɗi, ita ke riƙe da shafinta, ita ke sa farashi, kamfanin kashi 20 cikin ɗari yake cira. Masu kare abin suna cewa aƙalla ita ke da iko da jikinta, ba wani darakta ba.

Anti Bilki (Bronx): Zee, ikon nan aro ne. A watan Agustan 2021 OnlyFans ya wayi gari ya ce daga Oktoba ya hana batsa, ya ce bankuna ne suka matsa masa. Cikin mako guda ya janye, amma a 'yan kwanakin nan matan da suka jingina rayuwarsu a kansa sun ga cewa ba su da komai a hannu. Kafin nan, a Disambar 2020, Visa da Mastercard sun yanke hulɗa da shafin batsa na Pornhub bayan rahoton jaridar New York Times kan bidiyon yara da na fyaɗe da ke shafin. Wannan ita ce unguwar da ake cewa mace ta sami 'yanci a cikinta. Sannan abin ba ya gogewa. Mia Khalifa 'yan watanni ta yi a harkar fim ɗin batsa, ta ce abin da ta samu duka bai wuce dala 12,000 ba, ga shi shekaru sun shuɗe sunan na bin ta duk inda ta shiga. Kyauta tana zuwa wa mutum ɗaya. Dubban da suka bi sahu ba wanda ya san inda suka ƙare.

Malama Rabi: Zan ƙara da tarihin da ya kamata kowace baƙar mace ta sani. Sarah Baartman, 'yar ƙabilar Khoikhoi daga Afirka ta Kudu, an kai ta Landan a 1810 ana nuna ta a dandali, mutane na biyan kuɗi su kalli girman mazaunanta. Ta mutu a Paris a 1815. Ko bayan mutuwarta ba a ƙyale ta ba, ƙasusuwanta na ajiye a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970, sai a 2002 Faransa ta mayar da ita gida aka binne, bayan Mandela ya nema. Layin masu kallonta ya yi tsawo, ba ta rasa masu sha'awa ba. Ban ce April baiwa ce ba, da ƙafarta ta je. Amma idon da ke biyan kuɗin bai canja ba.

Zee: Malama, a nan kam ban bi ki duka ba. Wadda aka yi wa dole da wadda ta zaɓa ba ɗaya ba ne, kuma in muka haɗa su mun rage girman zaluncin da aka yi wa Sarah.

Malama Rabi: Na ji, kuma shi ya sa na ce da ƙafarta ta je. A kan mai kallo nake magana, 'yata.

Tanti Mariama (Maraɗi): Ina karanta ku tun ɗazu ina mamaki. Ku kuna maganar ƙasar da mai jiki ke kuka, mu nan ramammiya ke kuka. Mace ta yi wata shida da aure ba ta cika zane ba, sai dangin miji su fara tambaya, dangin matar kuma su ce ba ya ciyar da ita. Wajen Zabarmawa akwai al'adar hangandi, mata su yi ta ɗura abinci don su yi jiki a yaba. A Muritaniya ana yi wa 'yan mata ɗure da nonon raƙumi kafin aure, suna kiransa leblouh, yarinya tana amai ana ƙara mata. A Kodibuwa har gasar sarauniyar kyau ta masu jiki ake yi, Awulaba. In ana maganar a so mai ƙiba ne, mu mun riga Amurka da daɗewa. Amma ban ga ya sa mata sun huta ba. An dai sauya wadda za a matsa wa.

Maman Ilham: Tanti, a Kano duka biyun muke sha. Kina budurwa a ce kin bushe kamar ba a ba ki abinci. Ki haihu biyu a ce kin buɗe, ki yi hattara kada ya ƙaro siririya. Mai adaidaita ya dube ki ya ce kuɗin mutum biyu. Na taɓa kai ciwon gwiwa wani asibiti, likitan ko taɓa ƙafar bai yi ba, ya ce in daina cin tuwo da dare. Da na je wani wurin aka ɗauki hoto, ashe rauni ne a jijiya tun wata faɗuwa da na yi a banɗaki.

Yaya Hauwa Famasis: Na so in yi shiru, amma Tanti ta buɗe ƙofar da nake tsaye a bakinta kullum. Abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan "sha ka fashe" yawanci magani biyu ne. Na farko dexamethasone, maganin kumburi ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa a asma mai tsanani da wasu cututtuka, da awo da ƙa'ida. In aka ɗauke shi aka mayar abincin kullum, jiki yana tara ruwa, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuma su sirance. Fuskar ta yi zagaye tana sheƙi, 'yan'uwa su ce amarya ta yi kyau. A ciki kuwa suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin laushi, garkuwar jiki na faɗuwa, ga nankarwa mai faɗi a ciki da cinya. Na biyu cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne, yana buɗe ciki yana sa barci. Shi ne a cikin ruwan Apetamin da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, har da maganar illa ga hanta. Wasu masu haɗin gargajiya ma suna niƙa waɗannan ƙwayoyin su zuba a garin da suke cewa na itatuwa ne.

Sannan zan faɗi abin da masu fafutukar can ba su cika son ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Alaƙarta da ciwon suga, hawan jini da ciwon gwiwa tabbas ce, ba ƙirƙirar masu ƙin masu jiki ba ce. Ina son Maman Ilham, shi ya sa ba zan ce mata kilo ɗari ba komai ba ne.

Maman Ilham: Yaya Hauwa, ban taɓa cewa ba komai ba ne. Ni ke hawa bene ina haki, na fi kowa sani. Amma gori bai taɓa rage min ko kilo ɗaya ba. Ranar da aka yi min dariya a hanya ita ce ranar da ba na fita tattaki, in kulle ɗaki in ci abin da na samu. Ki gaya min gaskiya a matsayinki na 'yar'uwa, zan ji. Wanda ya kira ni giwa a gaban 'ya'yana ba lafiyata ce ta dame shi ba.

Anti Bilki (Bronx): Wannan da kika faɗa bincike ma ya nuna shi: wanda ake tsangwama saboda ƙiba ya fi guje wa asibiti da wurin motsa jiki. Kuma ma'aunin BMI da muke amfani da shi, mai gwada nauyin mutum da tsayinsa, lissafin wani masanin ƙididdiga ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, tun shekarun 1830, a kan jikin Turawa ya gina shi, kuma don auna jama'a ya yi shi, ba don duba mara lafiya ɗaya ba. Yana da amfani, amma ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya nuna inda kitsen ya taru. Shi ya sa muke haɗawa da awon ƙugu da suga da jini. Wani abin kuma, tun da allurar Ozempic da Wegovy da ake rage ƙiba da su suka bazu a nan, yayin sirantaka ya dawo da ƙarfinsa. Kamfanonin da suka cika tallarsu da masu jiki shekarun baya sun fara ja da baya. Duk wadda ta ɗora ƙimarta a kan cewa kasuwa na sonta, yau kasuwar ta juya mata baya. Dokar Michigan kuwa tana nan, ba ruwanta da yayi.

Zee: To in na fahimce ku, kuna cewa April ba ta amfana wa kowa komai ba? Ni har yanzu ina ganin akwai yarinyar da ta ji labarinta ta daina ƙin kanta.

Ummi Ɗinki: Mai yiwuwa akwai, Zee. Amma ki tambayi kanki me yarinyar ta koya. Ta koyi cewa ita ma za a iya sha'awarta. Ranar da ta tsufa fa, ko ta yi ciwo, ko mijin ya juya? Wata kwastomata ta haura sittin, mai jiki ce ƙwarai, in ta zo awo takan ɗaga hannu ta ce "auna da kyau, ki bar min wurin numfashi da wurin ruku'u". Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. Irin wannan nake so 'yata ta zama, siririya ta tashi ko mai jiki.

Malama Rabi: Kuma mu mata mu fara gyara bakinmu. Yawancin sunayen nan ba maza ke laƙaba su ba. A wurin suna da biki ake raɗa su, uwa ta faɗa wa 'yarta, uwar miji ta faɗa wa suruka.

Amaryar Bana: Salamu alaikum. Ban taɓa magana a zauren nan ba. Yaya Hauwa, abin da kika lissafa duk ina da shi. Kafin bikina gwaggona ta kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi farare daga kemis, ta ce kada in shiga gidan miji kamar tsinke. Tun kafin azumi nake sha har yanzu. Fuskata ta cika, kowa na yabawa, amma ƙafafuna ba ƙarfi, in na tsuguna da ƙyar nake tashi, ga ƙishirwa da yawan fitsari da dare. Yanzu na tashi zan zubar da su a masai.

Yaya Hauwa Famasis: Ƙanwata tsaya, kada ki zubar, kuma kada ki daina sha yau. In dexamethasone ne kuma kin yi watanni a kansa, jikinki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa lokaci ɗaya na iya sa jininki ya faɗi ki suma, har ya kai ga rasa rai. A hankali ake rage shi, kuma likita ne zai tsara miki. Gobe da safe ki tafi asibiti da kwalin ko ƙwayoyin a hannunki, ki faɗi tun yaushe kike sha da guda nawa a rana, kada ki ɓoye komai. Ki ce a auna miki suga da hawan jini, don ƙishirwar nan da fitsarin ba su kwanta min ba. In akwai yiwuwar ciki, shi ma ki faɗa. In kuma kafin safiya kika ji jiri mai tsanani ko amai, kada ki jira gari ya waye.

Amaryar Bana: To Yaya. Maigidan bai san ina sha ba, ban san yadda zan ce masa zan je asibiti ba.

Maman Ilham: Ki gaya masa gaskiya, ba laifinki ba ne, ba ki aka yi. In kin ji nauyi ki turo min saƙo ta gefe, in a Kano kike ni zan zo in raka ki, mu yi masa bayani tare.